Yadda ake bambance kadafkara mai baƙin ciki da mai farin ciki a daji

Kafin wani ya ce yau kuma tsuntsu ne ya fara hassada, bari in warware tun daga farko. Baƙin cikin da nake nufi na zahiri ne, gashin cikin tsuntsun ne baƙi ƙirin kamar an goga masa gawayi, ɗayan kuma nasa fari ne tas. Tsuntsaye biyu ne 'yan gida ɗaya, dangin tuji ne amma ƙanana, mu a wajenmu duk kadafkara muke ce musu ba ma rabewa, wani garin kuma zaka ji wani sunan daban. Masana sun raba su, mai baƙin cikin suna ce masa Lissotis melanogaster, wani Bajamushe Eduard Rüppell da ya yi yawo a Habasha ne ya fara siffanta shi a 1835, mai farin cikin kuma Eupodotis senegalensis, sunan Senegal aka laƙa masa. Ka kwafe sunayen nan biyu ka ajiye a waya, zasu yi maka amfani a gaba.

To ai da sauƙi kenan, a leƙa ciki kawai a gama? Nan fa matsalar take. Na farko tsuntsun a cikin ciyawa yake yini, cikin nasa shi ne abu na ƙarshe da idonka zai kai gare shi. Na biyu kuma wanda ya fi kada mutane, macen mai baƙin ciki ita cikinta fari ne. Namijin kaɗai ke da baƙin.

Ni kaina da haka na sha kunya. Wata damina a bakin wata fadama a ƙasar Bauchi na hango ɗaya ta tsallaka hanya, na ga ciki fari fes, na ɗora waya a bakin madubin hangen nesa na samu hoto ɗaya mai ɗan dama-dama, na kai wa wani malami da ya daɗe a harkar tsuntsaye ina ta cika baki wai yau na yi gamo da mai farin ciki. Ko minti ɗaya bai yi yana kallo ba ya ce, malam wannan ai matar mai baƙin ciki ce. Na ce ranka ya daɗe ga ciki nan fari? Ya ce bar cikin nan, dubi wuya, dubi gadon baya. Kama da wane ba ta wane. Tun ranar na daina fara duba ciki, kuma tsarin da zan faɗa maka a nan shi nake bi.

Mataki na farko, tabbatar kadafkara ce ma tukuna

Girman jikinsu kamar na zabo ne sai dai ƙafa da wuya sun fi tsayi nesa ba kusa ba. Mai baƙin ciki yana kai santimita 58 zuwa 65, mai farin ciki 48 zuwa 61, kaga kenan girma kaɗai ba zai raba maka su ba don sun shiga juna. Duk dangin nan yatsu uku ne a ƙafarsu, duka suna kallon gaba, babu na baya, shi ya sa ba zaka taɓa ganinsu a kan reshe ba. In ka ga tsuntsu ya tashi ya sauka a kan bishiya to manta kawai, ba shi ba ne. Sawunsu ma a kan yashi ko laka haka yake, yatsu uku gajeru masu kauri ba alamar komai a baya. Tafiyarsu a hankali ce, ɗaga ƙafa, ajiye ƙafa, kai na ɗan gaba da baya, in sun tsargu da kai kuma maimakon su tashi sai su sulale bayan wani kalgo ko su kwanta su miƙe wuya a ƙasa su zama ciyawa.

In abun da ka gani ƙato ne kamar talotalo, tsayinsa ya doshi mita ɗaya, wannan tuji ne, ba ya cikin maganarmu. Af, ɗaya daga cikin tujin namu ma, mai jan bayan wuya, sunan Dixon Denham yake ɗauke da shi a littafin masana, Baturen Ingila da ya iso Kukawa a 1823 zamanin Shehu Laminu, abokin tafiyar Clapperton wanda ya wuce Kano da Sakkwato. Tsuntsun da kakanninmu suka sani tun fil azal amma sunan baƙo ya bi shi, to Allah ya kyauta. In kuma ƙaramar ce sosai, wajen santimita 42, a can sahel cikin sabara da geza kana jin tana fito kamar usur, wata 'yar uwarsu ce ta uku, Lophotis savilei, ita mace da namiji duk cikinsu baƙi ne. Cire waɗannan gefe, saura biyunmu.

Mataki na biyu, lokaci da shiri

Ka yi sallar asuba ka fita, daga gari ya fara wayewa zuwa hantsi, ko kuma la'asar sakaliya zuwa dab da magariba. Da rana tsaka suna laɓe a inuwa, wahalar banza zaka yi. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya ishe ka, kaya masu kalar ƙasa, farar shadda dai a bar ta a gida. Ka sa rana a bayanka, in tana gabanka duk tsuntsun da ka gani baƙi zai zame maka har da mai farin cikin.

Wata dabara, sun fi yarda da mota a kan mutum a ƙafa. In kana cikin mota ka hango ɗaya kar ka buɗe ƙofa, kashe injin ka zuge gilashi ka yi kallonka daga nan, da ka sa ƙafa a ƙasa shikenan ka kore shi. In a ƙafa kake kar ka nufe shi kai tsaye, ka riƙa tafiya a kaikaice kamar mai wucewa gona.

Sannan don Allah yanda daji ya zama yanzu kar ka ɗauki madubi da kyamara ka faɗa inda ba a san ka ba. Ka fara zuwa wajen mai unguwa ka gaisa ka faɗi abun da ya kawo ka, a haɗa ka da wani ɗan gari, in aka ce maka wuri kaza ba a shiga to ba a shiga. In da tsohon maharbi a garin shi zaka nema, da tsohuwar zuma ake magani, ka ce baba ina kadafkara ke kuka da safe, zai nuna maka da baki. Fulani makiyaya ma sun san wajen kwanansu sarai. Takalmi kuma mai rufe idon sawu, ciyawar da kadafkara ke so ita kububuwa da kasa ke so.

Mataki na uku, kalli wurin da kake tsaye

Kafin ka ga tsuntsu ma wurin zai fara ba ka labari. Mai baƙin ciki ɗan lema ne, yana son doguwar ciyawa mai kauri irin gamba da tofa, bakin fadama, tsohuwar saura da ta cika da ciyawa, gefen gonaki, inda ruwan sama ke da yawa. A can arewa sosai galibi baƙon damina ne, ya hauro in ciyawa ta tashi ya koma kudu in ta bushe. Mai farin ciki kuma ya fi jure fari, fili mai gajeriyar ciyawa da 'yan bishiyoyi jefi-jefi, makiyaya, inda shanu suka taka suka rage tsayin ciyawar. Amma kar ka yanke hukunci da wannan kaɗai, akwai wuraren da zaka same su su biyun a daji ɗaya, wannan a gangare wancan a tudu, kuma in an ƙona daji toho ya fara fitowa kowa na iya fitowa kiwon fara da buzuzu a fili ɗaya. Abincinsu kusan ɗaya ne, ƙwari da 'ya'yan ciyawa da ɗanyen ganye, don haka abun da yake tsattsaga ba zai taimake ka ba.

Mataki na huɗu, rufe baki ka buɗe kunne

An ce gani ya kori ji, to a harkar kadafkara ji ne ke korar gani. Kukansu ko kusa bai yi kama ba, in ka riƙe shi ka gama rabin aiki tun kana zaune a kan mashin.

Mai farin ciki ɗan hayaniya ne. Murya ce mai kauri mai fita ta hanci, kamar kwaɗin kududdufi sun haɗu da agwagwa mai mura, wani abu kamar aa, aa, takwarak, takwarak, ɗaya ya fara ɗaya ya amsa sai na uku ya shigo, can wani gidan daga nesa su ma su ɗauka, da asuba da yamma, kuma tana tafiya nesa sosai. Sau da yawa zaka ji su sau goma kafin ka gan su sau ɗaya.

Mai baƙin ciki kuwa nasa sai ka gani da ido zaka yi dariya. Namijin zai nemi ɗan tudu ko ya hau kan suri, ya miƙe wuyan nan zar kamar sanda yana kallon sama, ya saki wani ɗan guntun sauti mai shaƙewa kamar kwiiik, sai ya janye kan da sauri ya kwantar da shi a kafaɗa kamar an kwaɗe shi. Sai shiru. Ka fara ƙirgawa a zuci, ɗaya, biyu, uku, huɗu, yana ɗago wuyan a hankali a hankali, sai kawai ka ji fok, kamar yaro ya sa yatsa a kumatu ya fizge, ko an zare toshiyar kwalba. Shikenan waƙar ta ƙare, ya ɗan huta ya sake daga farko. Ranar da na fara gani na kusa minti ashirin a tsugune bayan wani kalgo ƙafata har ta yi sanyi, yaron da ya rako ni yana ta ƙunshe dariya yana ce min yaya wai shaƙuwa ce ke damunsa. Fok ɗin nan ba ya da ƙarfi, in iska na kaɗawa ko kana nesa kwiiik ɗin kaɗai zaka ji, sai ka matsa. Kuma da damina ne yake yi, lokacin neman aure, da rani shiru zaka ji shi.

Abun da zaka yi tun a gida, ka shiga xeno-canto ko eBird, shafukan intanet ne da ake tara kukan tsuntsaye da bayanansu, ka rubuta sunayen nan biyu da na ce ka ajiye, ka saurari kowanne sau biyar shida har ya zauna maka. Amma in ka je daji kar ka kunna masa a sifika don ya fito, tsuntsun da ke tsare da wajensa yana jin kishiya zai bar abun da yake yi ya zo faɗa da waya, wahalar da shi kawai kake.

Mataki na biyar, su nawa ne

Nan sunan nan na baƙin ciki da farin ciki ya yi min daidai wallahi, da shi nake tunawa. Mai baƙin ciki shi kaɗai yake yawo, ba aboki ba ɗan rakiya, in ka ga biyu to lokacin aure ne ko uwa da ɗanta. Mai farin ciki kuma da iyali yake tafe, biyu, uku, wani lokacin har huɗu ko biyar suna kiwo kusa da juna suna ta surutu. In ka hango kai uku sun leƙo daga ciyawa a jere, ka fara zargin mai farin ciki tun kafin ka ɗaga madubi.

Mataki na shida, ƙira kafin kala

Ko daga nesa, ko hasken bai da kyau, ƙirar jiki ba ta ɓuya. Mai baƙin ciki siriri ne dogo, wuya kamar bulala, ɗan kai ƙarami da ido ƙato, ƙafafu zaƙo-zaƙo, in yana tafe cikin gamba wuyan kaɗai zaka gani yana yawo kamar maciji ya fasa kai. Mai farin ciki a dunƙule yake, wuyan ya fi gajarta ya fi kauri, kan ya fi girma, ƙafar ba ta kai ta wancan ba. Ni yanda nake faɗa wa yara, ɗaya dogon bafillace ne ɗaya kuma ɗan dambe.

Mataki na bakwai, in namiji ne

Wannan ba wuya. Ka kafa madubi a gaban wuya. Namijin mai baƙin ciki yana da wani siririn baƙin layi da ya taso daga maƙogwaro ya gangaro ta tsakiyar wuya kamar zip ɗin riga, da ɗan fari-fari a gefensa, har ya je ya haɗe da baƙin ƙirji da ciki. Sauran wuyan kalar busasshiyar ciyawa ne, akwai kuma wani baƙin layin daga bayan ido zuwa ƙeya. Namijin mai farin ciki ba shi da zip. Wuyansa ruwan toka ne mai shuɗi-shuɗi, fuska fara da baƙin zane, tsakar ka baƙi-baƙi, baƙin tabo a maƙogwaro wanda ya tsaya nan bai gangara ba, sannan gindin bakinsa ja-ja ne ruwan hoda kamar ya ci goro. Jan bakin nan in rana ta haska shi daga nesa ake hango shi. Bakin mai baƙin ciki kuwa ba ja ko kaɗan, rawaya-rawaya ne da duhu a sama.

Mataki na takwas, in mace ce

To ga inda aka kada ni, nan zaka nutsu. Duka biyun cikinsu fari, duka biyun ba baƙin maƙogwaro, duka biyun kalar ƙasa. Abu huɗu zaka bi a jere kuma kar ka tsallake.

Fara da gadon baya. Na macen mai baƙin ciki yana da manyan ɗigo-ɗigo baƙaƙe masu tsini kamar kan kibiya, a warwatse a kan kalar ciyawa, kana gani ka san an yi zane. Na mai farin ciki kusan sumul yake, ruwan ƙasa mai ja-ja, zanen da ke jiki ƙanana ne sosai sai ka matso zaka lura. Daga nan ka hau wuya, na macen mai baƙin ciki dogo ne siriri kala ɗaya tun daga sama har ƙasa, da 'yan ƙananan zane kamar an yayyafa, babu toka ko kaɗan. Na macen mai farin ciki gajere ne, gaban ja-ja, kuma in ka duba da kyau zaka samu toka-toka a bayan wuyan, gadon gidansu ne. Na uku fuska da baki, macen mai farin ciki tana da irin zanen fuskar mijinta amma ya koɗe kamar tsohon atamfa, da ɗan jan nan a gindin baki, ita kuwa waccan fuskarta ba wani zane, ido ne kawai ƙato. Na huɗu ka waiga ka ga da wa take tafe. In ita kaɗai ce a doguwar ciyawa mai lema ka san inda zaka karkata, in da namiji mai shuɗin wuya a gefenta magana ta ƙare.

In biyu sun nuna gabas biyu sun nuna yamma, ko ka ga kai kawai ta nutse, rubuta kadafkara mace ban tantance ba. Ba abun kunya ba ne, ya fi ka cika baki irin nawa. 'Ya'yan da basu gama girma ba ma kamar uwarsu suke, har ƙwararru na barinsu a haka.

Mataki na tara, in ya tashi

Wani lokacin ba zaka san da shi ba sai ya fashe daga gabanka fir, kana da daƙiƙa biyar ko shida. Kar ka ɓata su wajen laluben waya, fiffike zaka kalla. Namijin mai baƙin ciki in ya buɗe fiffike fari ne fal kamar an shanya mayafi, ga ciki baƙi a ƙasa, ba ka da abun ruɗewa. Da damina ma yana yin wani tashi na burga, ya hau sama yana kaɗa fiffike a hankali da gangan, sai ya ɗage su sama ya sulalo ƙasa kamar mai saukowa da lema. Macen ba ta da wannan farin mai yawa, fiffikenta duhu ne da 'yan ɗigon fari. Mai farin ciki kuma mace da namiji fiffiken ruwan ƙasa ne ja-ja da baƙi a bakin gashin, kuma sau da yawa yana tashi yana masifa, takwarak takwarak, sauran na bin sa a baya.

Mataki na goma, rubuta tun kana wurin

Kwanan wata, ƙarfe nawa, sunan ƙauyen da ke kusa, irin ciyawar da tsayinta, su nawa, me ka ji, me ka gani a wuya da baya da fiffike. In ka bari sai ka koma gida zuciya zata ƙara maka abun da ido bai gani ba. Kuka kuma ka naɗa da waya ko da tsuntsun bai fito ba, rikodin na daƙiƙa talatin shaida ce mai ƙarfi. In kana so abun ya yi amfani ka saka a eBird ko BirdLasser, manhajar waya ta rubuta tsuntsayen da ka gani, akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta, da irin waɗannan bayanan na 'yan sa kai ake gane inda tsuntsu yake da inda ya ɓace.

In ka yi sa'a ko rashin sa'a ka taka kusa da ƙwai, basa yin sheƙa, a ƙasa kawai suke ajiyewa a ɗan share wuri gindin ciyawa, ɗaya ko biyu, mai farin ciki wani lokacin uku, masu kalar ƙasa da dabbare-dabbare. Kar ka taɓa, kar ka tsaya ɗaukar hoto goma, ka wuce abunka ta wata hanyar daban don sawunka da ciyawar da ka kwantar su ke nuna wa kare da hankaka wurin.

'Yan uwanmu na Sudan kuma, irin mutanen Gadarif da Mai Wurno, ku naku aikin ya fi namu, don a gabashin Sudan zuwa Habasha da Kenya akwai wata ta daban, Lissotis hartlaubii, wadda namijinta shi ma baƙin ciki gare shi da zip ɗin a wuya da farin fiffike, kamar an tsaga kara da namu. Shi wutsiya zaku duba in ya tashi, tasa da ƙugunsa baƙi ne, ta mai baƙin cikinmu kuwa ruwan ƙasa ce da 'yan layuka huɗu ko biyar a gicciye.